Miya Ba Nama, Ba Man Shanu: Gwanintar Matan Habasha a Girkin Azumi

Abu na farko da matar Habasha ke zubawa a tukunya idan za ta yi miya shi ne albasa, kuma ita kaɗai. Ba mai, ba ruwa, ba gishiri. Jar albasa ce mai yaji, an yanka ta ƙanana-ƙanana har ta kusa zama niƙaƙƙiya, kuma mai yawa, yawan da baƙo zai ɗauka girkin biki za a yi. Sai ta juye ta cikin busasshiyar tukunya a kan wuta marar ƙarfi, ta ɗauki cokalin katako ta shiga juyawa. Albasar za ta saki ruwan jikinta ta dahu a cikinsa, ruwan ya tsotse, ta fara kamawa a gindin tukunya. A nan ake gane hannu. Wadda ba ta ƙware ba sai ta firgita ta kwarara mai, ko ta yi sakaci albasar ta ƙone ta yi ɗaci. Gwana kuwa ruwa take yayyafawa, cokali ɗaya ko biyu, ta kankare abin da ya kama ya koma cikin sauran, ta ci gaba da juyi. Ya sake kamawa, ta sake yayyafawa. Haka za ta tsaya rabin sa'a, wani lokaci fiye, har albasar ta narke ta yi launin ƙasa-ƙasa, yajinta ya gudu, zaƙinta ya fito. Sai a sannan mai zai shiga, barkono ya biyo baya.

Abu biyu take samu daga wannan doguwar tsayuwa. Na farko kauri, domin narkakkiyar albasar ita ce jikin miyar, ba a buƙatar gari ko tulin tumatir kafin ta kama. Na biyu ɗanɗano mai nauyi, irin wanda ke zama a harshe bayan an haɗiye loma. Zaƙin da ke jikin albasa idan ya gasu a hankali yakan juye, ya ba da ƙamshi da garɗin da ba a samu a ɗanyarta ko a wadda aka soya cikin gaggawa. Abin da wasu ke nema a ƙashi da kitse, ita daga albasa take tatso shi. Hausawa sun ce ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Ni kuwa a ganina ba a sanin gwanar miya sai an cire nama daga tukunya, domin nama yana rufa wa mai girki asiri ƙwarai. Matan Habasha kusan rabin shekara suke yi ba wannan rufin asiri, shi ya sa hannunsu ya kai inda ya kai.

Addini ne ya kawo haka. Kiristanci ya kafu a masarautar Aksum tun ƙarni na 4, zamanin Sarki Ezana, masarautar da daga baya Najashi ya karɓi sahabbai a cikinta lokacin hijirar farko, wajen shekara ta 615. Cocin Otodoks na Habasha, wanda ƙidayar 2007 ta nuna mabiyansa sun kai kashi 43.5 cikin ɗari na jama'ar ƙasar, yana sahun gaba wajen yawan azumi a duk duniyar Kirista. Kowace Laraba da Juma'a azumi ne, in ban da kwana 50 da ke bin bikin Fasika, wato Istarsu. Kafin Fasika akwai babban azumi na kwana 55, wanda suke kira Hudade ko Abiy Tsom. Akwai na kwana 40 da 'yan kai kafin Kirsimetinsu ta 7 ga Janairu, da na mako biyu a watan Agusta mai suna Filseta, da na Hawariyawa, da na kwana uku don tuna tuban mutanen Annabi Yunusa. Idan aka tara, kwanakin da suka hau kan kowa sun kai wajen 180 a shekara, limaman coci da ruhubanawa kuwa sukan yi wajen 250.

Ba irin azumin Ramadan ba ne. Mutum yakan kame baki daga safe zuwa tsakar rana ko ƙarfe 3 na yamma, gwargwadon ƙarfinsa, amma in ya zo ci ba zai taɓa abin da ya fito daga jikin dabba ba: ba nama, ba ƙwai, ba madara, ba nono, ba cuku, ba man shanu. Kifi kaɗai ake ja-in-ja a kansa. Wasu na ci, har kasuwarsa kan buɗe lokacin babban azumi, masu tsanantawa kuwa sun haɗa shi da nama sun ajiye. Kada kuma a zaci mutane ne da ba su san daɗin nama ba. Habasha ta fi kowace ƙasar Afirka yawan shanu, mutanenta har ɗanyen nama suke yanka su dangwala a yaji, kuma man shanun da suke narkarwa da kayan ƙamshi, niter kibe, shi ne ran girkinsu a sauran ranaku. Ranar azumi duk an janye. Mahauta da yawa kan rufe shaguna sai Fasika ta zo. Maigida da yara za su zauna gaban tire da harshen da ya san kitse, kuma dole uwargida ta ƙosar da su har su lashe yatsa, yau da gobe, kwana 55 a jere.

Masu ƙaurace wa nama a duniya ba hanya ɗaya suka bi ba, kuma ya kamata mai saukar baƙi ya san bambancin. A Indiya, inda binciken cibiyar Pew na 2021 ya gano kashi 39 cikin ɗari na manya ba sa cin nama, yawancinsu suna shan madara da nono, suna girki da man shanu da cuku, amma ba sa kusantar ƙwai. Abin ya kai duk abincin leda ko na gwangwani a can yana ɗauke da alama, koren ɗigo cikin murabba'i in babu nama a ciki. Mabiya addinin Jain sun wuce nan. Su ko albasa da tafarnuwa da dankali ba sa ci, domin tono su yana kashe tsiron da ƙananan halittun da ke cikin ƙasa, ba sa shan zuma, da yawansu kuma ba sa cin abinci bayan faɗuwar rana. A Ingila, inda aka kafa ƙungiyar marasa cin nama tun 1847, galibi suna cin ƙwai da madara. A 1944 ne Donald Watson da abokansa suka kafa Vegan Society, ta masu barin duk wani abu na dabba har da zuma. Girkin azumin Habasha kusa da na waɗannan na ƙarshe yake, sai dai su ibada suke yi, ta ƙididdigaggun kwanaki. Abin da ya haɗa dukkansu shi ne, tsame tsoka daga cikin miya ba ya mai da ita tasu. Romon da aka dafa ta da shi, da ɗunƙulen ɗanɗano mai kaza, da garin busasshen kifi, da jelatin da ke cikin wasu alawoyi wanda daga fata da ƙashi ake yinsa, duk nama ne a wurinsu.

Mu koma tukunya. Barkonon da ke bin albasa ba barkono ba ne zalla, haɗi ne da ake kira berbere, kuma yinsa aikin kwanaki ne da gida kan yi na shekara guda a lokaci ɗaya. Za a sayo busasshen jan barkono dogo, a goge shi, a cire hancinsa, a shanya. Sai a kirɓa shi a turmi da ɗanyar tafarnuwa da citta da jar albasa da wani nau'in ɗoɗɗoya mai suna besobila, a rufe ya kwana ƙamshin ya shiga juna, a sake shanyawa har ya bushe ƙayau. Busassun kayan yaji kuma daban ake gasa su a kasko: hulba, habbatus sauda, kanumfari, kirfa, masoro, da korerima, 'yar'uwar citta mai 'ya'ya da ke fitowa a dazuzzukan kudu maso yammacin ƙasar. Kowanne da iyakar wutar da yake so. Hulba in ta wuce ƙima kaɗan ɗacinta zai rinjayi buhu guda, in ba ta gasu ba kuma warin ɗanye zai bi kowace miya har shekara ta zagayo. Bayan nan a haɗa da gishiri a kai injin niƙa. Kowane gida da ma'auninsa, uwa ta koya wa 'ya, har mace kan gane berberen mahaifiyarta da hanci.

Zuba shi a miya ma da nasa ilimin. Ba a barbaɗa shi a ƙarshe. Cikin albasa da mai ake sa shi, cokali uku ko huɗu cike, a rage wuta, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa minti 15 zuwa 20, har zafinsa mai yankar maƙogwaro ya kwanta, launinsa ya tashi daga ja mai haske ya koma ja mai duhu, mai ya taso a kai. Man kan zama na nug, wata 'yar baƙar ƙwaya da ake nomawa a tsaunukansu, wasu kuma sukan dafa man da tafarnuwa da citta da besobila tukuna don ya tsaya a gurbin man shanu. Wannan tushe suke kira kulet. Daga shi sai a zuba jan adas da aka wanke har ruwansa ya yi fari, a riƙa ƙara ruwan zafi kaɗan-kaɗan, cikin rabin sa'a an sami misir wot, miyar da ko'ina aka buɗe gidan abincin Habasha a duniya za a same ta. Gwana ba ta barin adas ya dame gaba ɗaya, tana so ya yi laushi amma harshe ya ji ƙwayarsa. Daf da saukewa sai ta barbaɗa wani haɗin na daban, mekelesha, na korerima da kirfa da kanumfari da masoro, wanda ba a barinsa ya daɗe a wuta don kada ƙamshinsa ya bi tururi. Wato yaji biyu ne a tukunya ɗaya, ɗaya ya dahu sosai don harshe, ɗaya ya shiga a makare don hanci. Wannan dabara kaɗai ta isa a sara wa wadda ta fara gano ta.

Amma in ana maganar abincin yau da kullum, sarautar ta shiro ce. Gari ne na dangin wake: shimbra, wanda Larabawa ke kira hummus, da ful, da busasshen waken turawa, wani gida ɗaya kawai, wani gida a gauraya. Bayan girbi ake yinsa. A wanke waken, a ɗan tsoma shi a ruwan zafi, a shanya, a gasa sama-sama, a ɓarza, a bakace ɓawon. Sai a haɗa da tafarnuwa da citta da albasa da besobila, a sake shanyawa, a niƙa ya yi laushi, a tankaɗe. Wanda aka sa wa berbere yakan yi ja-ja, wanda ba a sa wa ba ya zauna fari. Abin da ke ba ni sha'awa a nan shi ne lissafin da ke ciki. Wake abu ne mai cin itace da lokaci, ga ƙwari na jiransa a rumbu. Mace ta ɗauki wahalar mako guda ta gasa shi, ta cire ɓawon da ke kumbura ciki, ta zuba masa kayan ƙamshinsa tun yana gari, daga nan har watanni duk ranar da yunwa ta taso minti 20 ya ishe ta. Abincin gaggawa ne da aka ƙirƙira tun kafin a san gwangwani.

Sauƙin nasa kuma yaudara ne ga wadda ba ta iya ba. Ana ɗan soya albasa da tafarnuwa, a zuba ruwa ya tafasa, sai a riƙa barbaɗa garin da hannu ɗaya ana kaɗawa da ɗayan, domin in aka juye shi gaba ɗaya gudaji zai yi, kuma gudajin shiro ba ya warwarewa. Da zarar ya yi kauri mai gaggawa zai ce ya dahu, alhali da saura. Sai an rage wuta an bar shi yana ɓararraka a hankali har warin ɗanyen wake ya fita, mai ya taso ya yi ƙyalli a gefe, fuskarsa ta yi santsi. Akwai mai ruwa-ruwa da ake kwararawa a tsakiyar tire, akwai mai kauri, tegabino, da ake kawowa cikin 'yar tukunyar ƙasa yana tafasa, da ɗanyen koren barkono a kansa. Shiro ne abincin ɗalibi da lebura da matafiyi, shi ne kuma abin da attajirin da ya daɗe a ƙasar waje ke fara tambaya in ya dawo gida.

Miya ɗaya komai daɗinta takan gundura, kuma nan ne gwaninta ta biyu ke shigowa, ta jera tire. Abin da ake kira beyaynetu babban faifan injera ne, wato gurasarsu mai tsami, da aka ɗiɗɗiga wa miya kala biyar zuwa goma, kowace 'yar tsibi a gefenta. Ba a jera su da ka. In ga jar misir mai zafi, kusa da ita za a sa kik alicha, ɓarzajjen waken turawa da aka dafa da kurkum da citta da tafarnuwa, rawaya, ba barkono ko kaɗan, don baki ya huta. Ga gomen, ganye dangin kabeji da aka yanka siriri aka dafa da albasa, mai ɗan ɗaci. Ga kabeji da karas da dankalin turawa masu zaƙi-zaƙi. Ga koren wake da karas da aka soya har suka yi yaushi. Ga azifa mai sanyi, adas mai ɓawo da aka murje da lemon tsami da mustad da ɗanyen barkono, mai hawa hanci. Zafi da sanyi, yaji da lami, tsami da zaƙi, mai laushi da mai tauri, duk a zagaye ɗaya, har ba lomar da za ta zama daidai da wadda ta gabace ta. Mai ci ba ya samun sararin tuna cewa babu nama.

Dogon azumi kuwa shi ke fito da abubuwan da ba a cika gani ba a sauran shekara, kuma a nan basirar take wasa. Akwai shimbra asa: a kwaɓa garin shimbra da mai da yaji, a murza shi siffar ƙananan kifaye, a gasa ko a soya, a jefa cikin jar miya ya sha. Akwai buticha, garin shimbra da aka tuƙa aka bari ya huce, aka farfasa da albasa da lemon tsami da mai, wanda a ido soyayyen ƙwai ne sak. Madara ma sun samo mata magaji. Suf wata farar ƙwaya ce mai mai, a dafa ta a daka a tace, farin ruwa ya fito, a jiƙa gutsattsarin injera a ciki da tumatir da barkono. Da wannan ruwan ake dama garin ful a yi siljo, a sa mustad da tafarnuwa a rufe shi kwanaki ya yi tsami. A Tigray da Eritiriya akwai hilbet, ful da adas da hulba da ake dafawa sannan a buga da hannu har ya yi fari ya yi kumfa. Sai telba, wata ƙwaya mai santsi da ake gasawa a niƙa a dama, wadda da yawa ke sha daren Fasika don ta gyara cikin da ya yi kwana 55 bai ga kitse ba, kafin miyar kaza da ƙwai ta sauka. Birni ma bai tsaya a baya ba. A gidajen shan gahawa na Addis Ababa ana iya neman gahawa da madarar azumi, a kawo ta da madarar waken suya.

Duk wannan a kan injera yake zaune, kuma ita ce jarrabawar da ta fi kowace wuya. Da tef ake yinta, hatsin da ƙwayarsa ba ta wuce milimita ɗaya ba, akwai fari akwai ja, kuma na yankin Ada'a kusa da Bishoftu da na Gojjam sun yi suna. Darajarsa a wurinsu ta kai gwamnati ta hana fitar da ɗanyensa waje a 2006 don kada farashi ya gagari talaka, sai a 2015 aka ɗan sassauta. Wanda ya san sinasir ya san danginta, sai dai ita ta fi faɗi nesa ba kusa ba, ta fi sirantaka, ta fi tsami, ba sukari ba mai. Ana kwaɓa garin da ruwa da ersho, wato ruwan tsamin da aka ajiye daga ƙullun da ya gabata, a rufe kwana biyu zuwa uku. Ba agogo ke faɗa mata ya yi ba. Addis Ababa tana sama da mita 2,300 daga teku, akwai sanyi, ƙullu yakan yi jinkiri, a ƙasa mai zafi kuma yakan yi sauri. Da ƙamshi da kumfa da launin ruwan da ya taso take ganewa. Ta tsiyaye ruwan, ta ajiye na gaba.

Sai mataki na gaba, wanda ni a wurina shi ne ƙololuwar hikimar. Tef ba shi da gulutin, danƙon nan da ke riƙe iska a cikin burodin alkama, saboda haka ƙullunsa ba shi da abin da zai kama kumfa. Mafitar da matan suka samo ita ce absit: a ɗebi wani kaso na ƙullun, a dama shi a tafasasshen ruwa ya zama talge, a bari ya huce, a mayar cikin sauran. Dafaffen garin shi ke ba ƙullu danƙo, ya kuma ciyar da yis ɗin da ke ciki, cikin sa'a ɗaya ko biyu sai a ga ya taso. Masana kimiyyar abinci sun zo daga baya sun yi bayanin dalili, amma aikin ya riga bayanin da ƙarnoni.

Gasawar a kan mitad ake yi, kaskon yumɓu shimfiɗaɗɗe mai faɗin wajen santimita 60, yanzu har da mai lantarki. Ba a zuba masa mai, da niƙaƙƙun 'ya'yan gomen ake goge shi. Mace za ta ɗauki ƙullu a buta, ta fara zubawa daga bakin kasko tana zagayowa ciki-ciki har ta rufe tsakiya, zubi ɗaya ba tsayawa, ba cokalin da zai baje. In hannu ya yi rawa wani wuri zai yi kauri wani ya huje. Nan take ƙananan ramuka za su fara buɗewa a fuskarta, su ne suke kira idanu, kuma sai sun kusa cika fuskar take kifa murfi tururi ya ƙarasa. Minti biyu zuwa uku, gefe ɗaya kawai, ta zare ta da faifai. Injera mai kyau idanunta ƙanana ne a jere ko'ina, bayanta sumul, tana naɗuwa ba ta karyewa, ba ta manne wa yatsa. Idanun ba ado ba ne, su ke shan miya. Macen da za ta gasa 20 ko 30 a zama ɗaya, a gaban wuta da hayaƙi, duk su fito kai ɗaya, ta cancanci a kira ta gwana ba tare da an yi mata kara ba.

Ko jiki na samun abin da yake bukata? Mafi yawansa, e. Furotin ɗin hatsi yana da giɓi a wani sinadari mai suna laisin, wanda dangin wake ke da shi a wadace, wake kuma yana da nasa giɓin da hatsi ke cikewa, don haka injera da shiro a loma ɗaya sun cike wa juna. Tsamin da ƙullu ke yi yana karya wani sinadari da ke ɗaure ƙarfe da zinki a cikin hatsi, jiki ya fi samun damar ɗauka, lemon tsami da ɗanyen barkono da tumatir kuma suna ƙara taimakawa. Abin da tsiro ba ya bayarwa shi ne bitamin B12. Mai komawa ga nama da nono bayan azumi yana da hanyar samunsa, amma wanda ya bar kayan dabba har abada dole ya nemi ƙwayarsa, kuma mai ciki da mai shayarwa da ƙananan yara ba a wasa da lamarinsu a nan. Akwai kuma guaya, wani wake mai jure fari da talaka kan sa a shiro, wanda in aka dogara da shi kaɗai wata da watanni yakan shanye ƙafafu. Jiƙa shi da zubar da ruwan da gauraya shi da wasu hatsi na rage dafin, kuma sanin haka ma yana cikin ilimin da uwa ke miƙa wa 'yarta.

Wani alherin wannan girki ya shafi zaman tare. Kusan kashi ɗaya cikin uku na 'yan Habasha Musulmi ne, kuma a al'adar ƙasar Musulmi da Kirista ba sa cin yankan juna. Shagon mahauci kan ɗauki alamar gicciye ko ta jinjirin wata, a wajen biki kuma akan yanka dabba biyu a dafa daban. Tiren azumi ba ya buƙatar wannan rabo, kowa na iya sa hannu. Sambusar adas da Kirista ke ci lokacin Hudade ita ce Musulmi ke buɗa baki da ita a Ramadan. Fatakenmu da matafiya da ke yada zango ta filin jirgin Bole da ke Addis Ababa, waɗanda kan wuni da burodi da shayi don shakkar yanka, da sun ce a kawo musu yetsom beyaynetu, wato tiren azumi, da sun ci sun ƙoshi hankali kwance. Abu ɗaya kawai za su tambaya a kai, wani kwaɓaɓɓen yaji mai suna awaze, domin wasu na dama shi da giyar zuma.

Mu ma ba baƙin wannan fage ba ne. Muna da ƙosai da alale da ɗanwake da awara, da kwaɗon zogale da na rama da ƙuli-ƙuli, da garau-garau, muna kuma da daddawa, wadda ke yi wa miyar kuka aikin da nama ke yi. Kayan suna nan, hannayen ma suna nan. Abin da ke damuna shi ne yadda uwargida a wurinmu kan ba da haƙuri kafin ta ajiye wa baƙo miyar da ba tsoka, kamar ta yi laifi, ko da kuwa miyar ta fi mai naman daɗi. Matar Habasha ba ta ba da wannan haƙurin. Ranar Laraba za ta ajiye wa babban baƙo tiren wake da ganye tana alfahari, shi ma ya karɓa a matsayin karramawa.

Cinsa da hannun dama ne, bayan an zagayo da buta an wanke hannu. A yagi injera daga naɗaɗɗun da aka ajiye a gefe, a rufa ta a kan miya, a tsunkuto, ba tare da yatsa ya taɓa leɓe ba tunda tire ɗaya ake ci. Mai masauki kan naɗa loma babba ya sa wa baƙo a baki da hannunsa, abin da suke kira gursha, kuma ƙin karɓa rashin kyautawa ne. In naɗaɗɗun suka ƙare sai a koma kan ta ƙasan, wadda tun farko take shan ruwan kowace miya, kuma da yawa ita suka fi so. Injerar da ta kwana ba a zubarwa. Da safe a yayyaga ta cikin ragowar kulet a juya a wuta, ta zama firfir na karin kumallo, wadda ta yi saura kuma a shanya ta a rana ta bushe, a zuba a buhu don guzurin tafiya.